Mai Jar Wutsiya Zai Tafi Maigatari

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma ko da kana da rai ban iya ɗaga ido in yi maka magana ba, shi ya sa na ɗauki tawada.

Labarin gida babu daɗi. Damina ta ƙi, rumbu ya ƙare. Ganyen tafasa Inna take dafa mana, ko tsakin dawa babu. Ƙanena Sule ya daina kuka, sai kallo.

Aku biyun da ka zo da su daga fataucin goro suna nan. Ka tuna yadda ka nuna mini bambancinsu? Babban toka-toka ne mai haske, gashin wuyansa kamar ɓawon kifi, bakinsa baƙi ƙirin, wutsiya ja wur kamar barkono. Ƙaramin ya fi duhu, wutsiyarsa kamar busasshen jini, saman bakinsa launin ƙaho. Ka ce ba daji ɗaya suka fito ba.

Babban ne ya riƙe muryarka. Kullum da safe sai ya kira ni Uwani, sunan da kai kaɗai kake kirana, ya ce in kawo buta. Inna ta daina bi ta zaure saboda shi. Ni kuwa amsawa nake, Baba, da ƙarfi, yadda ban taɓa amsa maka ba.

Kawu Bala ya samo wani ɗan kasuwa daga Maigatari da zai ba da dawa, amma mai jar wutsiya yake so. Sai na jiƙa karan dafi na rina wutsiyar ƙaramin. Da mutumin ya iso nan Gumel na miƙa masa ƙaramin, ya juya tsuntsun, ya yi dariya, ya ce yarinya ta manta ba ta rina bakin ba. Kawu bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi in dubi Sule.

Na dube shi. Gobe babban zai tafi. Wa zai kira ni Uwani? A gidan wa muryarka za ta riƙa neman buta, babu mai kawowa?

Ƙaramin zai zauna. Abu ɗaya ya koya, tarin da ka yi ta yi kafin ka rasu. Shi za a bar mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka. Sai mun zo.

'Yarka,
Uwani, zuwa gobe da safe.