Firijin Maganin Mama

Yaya Ishaku,

Gaisuwa daga Narayi. Ya aiki, ya Legas? Ina fatan Anti Rifkatu da yara lafiya.

Na'urar da na haɗa don auna sanyin firijin insulin ɗin Mama, sensarta, wato abin da ke jin sanyin, ta mutu. Na sayo masu araha biyu, mai shagon ya ce, "Duk ɗaya ne, Oga." Da na gwada, ɗaya ta nuna sanyi daidai, ɗayar ta nuna maganin ya yi ɗumi. Sati guda ke nan sugan Mama ya ƙi sauka. Yau da safe ta kira ni da sunanka.

Don Allah nemo mini ta asali da wuri. Ku sa mu a addu'a, ka gai da kowa.

Ƙaninka,
Bulus