Sunan Baba Arzika a Littafinki

Ɗiyata Hadiza,

Ina gaishe ki. Ina karatu, ina baƙunta, ina mutanen gidan da kike? Mu nan Filinge lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu.

Littafin bincikenki ya iso. Na gane zancen: da farin dutsen da ke fili ake auna yadda man fetur ke kwance cikin irinsa a ƙarƙashin ƙasa. Ranar kasuwa Baba Arzika mai ginar rijiya ya zo, shi da ya kai ki tsaunukan gabas da Sanam, yana zuba wa duwatsu ruwa don ki ga dutsen da ke shan ruwa. Ya ce, "Hajiya, karanta mini wurin godiya." Malamai bakwai kika jera, babu shi. Sai na faɗi sunansa kamar yana rubuce. Tsohon ya tuɓe hula yana ta hamdala.

Ban saba ƙarya ba, kuma ba zan mutu da wannan ba. Kafin ki tsaya gaban malamanki, ki rubuta sunansa, ki aiko mini shafin.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida mai masaukinki.

Mahaifiyarki,
Rabi