Zare Biyu a Cikin Ambulan

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aiki, yaya Anti da yara? Allah ya sa kowa yana lafiya. Mu nan mun gode Allah, sai dai idon Baba. Likita ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagun ma yana bin sa, kuma babu aikin da zai tare shi. Da muka fito, abu ɗaya Baba ya faɗa, yana so ya ga fuskarka tun yana iya gani.

Na karanta masa amsar da ka ba saƙon da na tura maka ranar, cewa awa goma sha uku ce a jirgi ban da zaman jira a hanya, kuma bayanka ba zai ɗauka ba. Shi kuwa sai ya sa aka ɗauko masa ƙwallon taswirar duniyar nan ta yara, ya karɓi zare daga keken ɗinkina, na ɗora masa yatsa a garinmu da garinku, ya auna ya tsinke. Yanzu duk wanda ya zo dubiya ya tambayi labarinka, sai ya zaro zaren daga aljihu, wai a dubi nisan nan a yi maka uzuri. Don Allah, Yaya, ka daure ka zo.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan bayan ya yi sauƙi. Ai ma na ga alama, don Anti ta saka hotunanka a filin wasan ƙarshe na ƙwallo, kumatu duk fenti, kana tsalle da wannan bayan naka mai ciwo. Sannu da jinya!

Na nemo garin da aka yi wasan a taswirar, na auna daga gidanka. Wallahi zaren ta kan garinmu ya bi ya wuce, sai da na ƙara warwarowa. Wato ta saman kanmu ka ratsa, kana kishingiɗe ana miƙo maka shayi. Tir! Ƙyamar abin nake ji, Yaya, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ban faɗa wa Baba ba, kuma ba don kai na yi shiru ba. Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Shekaranjiya maƙwabcinmu direba ya shigo yana gyaran murya irin taka, Baba ya zabura ya tashi zaune yana kiran sunanka. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Ga zare biyu nan a cikin ambulan. Dogon na ƙwallonka ne. Gajeren namu ne, sabo na auna maka, don Baba ya ƙi sakin nasa. Har yau yana nuna wa mutane, shi da ba ya ganinsa.

Hoton da ka ce za ka turo masa, ka bar shi kawai.

A gaida yara.

Auta