Wane Yashi Tsakanin Fagge da Kantin Kwari?

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya maigidan, ya yara, ya sanyin Jos?

Tun ranar da Alhaji ya kawo sabuwar motar nan hankalina bai kwanta ba. Na ɗauka irin ta littattafaina na soyayya ce, miji ya fita da matarsa shan iska. Sai na jiyo makanikensa na Sabon Gari a zaure yana cewa, "Alhaji, ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, in ɗaya ta faɗa yashi tana juyawa a banza, shi zai tura wa ɗayar ƙarfi ta fizge ku."

Yaya, daga gidanmu a Fagge zuwa kasuwar Kantin Kwari kwalta ce. Da na tambayi Alhaji wane yashi, sai ya ce, "Ke dai karanta littafinki." Ga atamfar da aka hana shigowa da ita ta cika shagonsa, kuma masu biyo daji da ita daga iyaka kama su ake yi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna. Ranar Juma'a zan je in gaya wa mahaifinsa.

Ƙanwarki,
Binta