Yaɓen Gwiwa

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yar da ta tasa ƙeyarsa zuwa gidan jinya, ina sanar da ke cewa na iso lafiya, ni da gwiwoyina biyu masu ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Kada ki manta da yarjejeniyarmu. Mako uku zan yi. In na dawo na hau matakala goma sha bakwai na benena da ƙafata, ɗakina na sama nawa ne, zancen mayar da ni ƙasa kuma ya mutu.

Da safe ana tsoma mu cikin ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muna jere mu tara, manyan mutane, kowa na kallon rufi. Daga nan sai taɓo mai ɗumi da ake yaɓa mana a gwiwa. Uwata, shekara arba'in ina shugabantar magina, ban taɓa ganin ha'inci irin wannan ba. Kwaɓin ya yi ruwa, yaɓen ba daidai ba, kuma bayan minti ashirin, tun yana ɗanye, sai su wanke shi. Na tambayi mai yaɓen wa ya koya masa aiki, ya ce, "Baba, kwanta kawai." Zan ɗauki mataki.

Ki gaida mijinki daidai gwargwado.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya, ko da yake na san ba ka tashi lafiya ba, don shugabar wurin ta kira ni.

Ta ce ka kulle ƙofa ka zauna awa biyu wai sai taɓon ya kama. Ya bushe, ya yi sanyi, sai da mutum uku suka jiƙa ka suka ɓamɓare shi, har da gashin ƙafarka. Yanzu gwiwar hagu ta kumbura. Haba Baba. Zafin ne maganin, kai ba katanga ba ne.

Gara ka ji daga bakina: mun sauko da gadonka falo. Sau biyu ka faɗi a benen nan bara, ba zan jira na uku ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka.

*

Uwata,

Na amsa gaisuwarki, amma ban amsa sauran ba.

A kan taɓo, na yarda an samu saɓani tsakanin ilimin gini da na likitanci, kuma don zaman lafiya na bar musu minti ashirin ɗinsu. Likita ya gaya mini gaskiya: guringuntsin da ya cinye ya tafi ke nan, ɗumin rage zafi kawai yake yi, sauran aikin na motsa ƙafa ne. Na gode masa, domin na saba da gyaran tsohon gini.

Amma an yanke hukunci saura kwana goma sha ɗaya a zauna shari'a, kuma an kwashe gadon wanda ake ƙara ba ya nan. Da hannuna na zuba matakalan nan. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ita ta zaɓi inda tagar sama za ta kalla, kuma ban gama kallo ba.

Jiya na hau matakala goma sha biyu a nan. Na huta sau biyu, na zagi gwiwar sau ɗaya. Idan na dawo ban tarar da gado a sama ba, a kan siminti zan kwanta, duk wanda ya zo dubiya kuma zan faɗa masa 'yar wa ta yi mini haka.

Mahaifinki, wanda bai sauko ba tukuna.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Gadon ya koma sama. Na sa an kafa ƙarfen riƙewa a bango, in ka ce ya karkace ba ruwana.

Wajen hawa da gadon bayan mijina ya riƙe, ko ruku'u ba ya iya yi. Ka tambaya mana ko akwai gurbi kusa da kai. Don Allah kada ka ce kai za ka yaɓa masa.

'Yarka.