Ankon Mutum Biyu

Porto-Novo, 4 ga Maris

Ƙanena Senan,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Abijan? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata da take min gardama kullum da safe.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tun da rabona da rubuto maka tun rasuwar Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan. Daure ka karanta har ƙarshe.

Wani littafi ne ya jawo. A cikin kwalin littattafan da aka kawo wa ɗakin karatun makarantarmu kyauta ɗalibai suka tono shi, suna ta yawo da shi hannu zuwa hannu har bangonsa ya yage. Labarin wani yaro ne ɗan shekara sha biyar da yake son abokinsa. Iyaye suka ji, suka zo da zafinsu. Shugabar makaranta ta miƙo min shi da yatsu biyu, ta ce, “Madam Afiavi, ke ce mai ido, duba mana ƙazantar nan ki rubuto rahoto kafin Litinin.” Na ɗauko jan biro na zauna, ka san yayarka da son gyaran wasu.

Ban sami abin ja wa layi ba, Senan. Yaron ba abin da yake yi sai zagaye, ya bi doguwar hanya daga makaranta don kawai ya wuce ta ƙofar gidan su abokin nasa. Sai na tuna yadda Mama take aikenka sayen gawayi nan bayan gida, ka ɓace awa guda, ka ɓullo ta unguwar su abokinka Gildas, ni kuwa ina maka tsiya wai ƙafarka ba ta san gajeriyar hanya ba. A littafin ma yaron yana da yaya mace. Ta tsinci wasiƙarsa a aljihun wando wajen wanki, ta karanta, ta ninke ta mayar, da ta zo zuba abinci ta ƙara masa kifi. A nan na ajiye biron. Ni da na tsinci taka, hannun Baba na kai ta, ina ji da kaina wai na ceci gida.

Yara suna karanta shi suna zumuɗin ganin ƙarshe. Ni mai shekara hamsin da shida na riga na san ƙarshen namu, kunya ce kawai ta rufe ni.

Ban ma tsaya a nan ba. A jana'izar Baba ni na raba anko. Kowa ya samu, har mai sayar mana da akasa, tuwon masarar nan, har surukan da ba su taɓa zuwa gaishe shi ba. Kai na aiko maka na mutum ɗaya, alhali na san shekarunku nawa kai da Gildas a gida ɗaya. Ka san garin nan, wanda ba a yanka masa anko ba an gaya masa matsayinsa, ba sai an buɗe baki ba. Ka maido da yadin, ba ka zo ba, na bi dangi ina cewa girman kai ne.

Watan gobe za a yi wa Mama bikin cika shekara tamanin. Ba ta ambaton sunanka a gabana, amma da an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta gyara ɗankwali. Na ba direban motar Abijan atamfa yadi goma sha biyu, naka da nasa. Ku zo tare, ku zauna layin gaba kusa da ni. Mai magana ya zo ya yi da ni.

Ka gaida Gildas, in zai karɓi gaisuwata.

Yayarka,
Afiavi


Porto-Novo, 27 ga Maris

Senan ƙanena,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar da ta makara shekara biyu. Allah ya ba ka haƙuri.

Wasiƙarka ta iso jiya, a tsaye na karanta ta. Ashe Gildas ya rasu. Ka yi jinyarsa wata bakwai kai kaɗai, babu ko mutum ɗaya daga gidanmu. Ka ce danginsa sun yanka nasu ankon, kai ba su yanka maka ba, ka tsaya can baya cikin farar riga kamar maƙwabci. Abin da na yi masa aka yi maka, ba ni da bakin zagin kowa.

Ka tambayi labarin littafin. Na rubuta a rahoton cewa a bar wa yara abinsu. Shugabar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Madam, tsufa ya fara taɓa ki,” ta kulle shi a aljihun teburinta. Ban ji zafi ba, ai ni ma na taɓa zama irinta.

Ka ce za ka zo saboda Mama, kwana biyu kacal, kada in sa rai da hira. Na yarda. Abu ɗaya nake roƙo, ka taho da hoton Gildas. Ɗazu na gaya wa Mama komai. Sai ta ce, “Yaron nan da ya riƙe min ɗa shekara talatin, ya yi ƙiba kuwa daga baya? Da can kamar tsinke yake.” Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tarar ban sani ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka yaya,
Afiavi