Mama da Ɗakin Haske

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ni dai da sauƙi, ɗinkin kaina ya kame, amma Mama na neman ta ƙarasa ni.

Kin san an cire ƙarin da ke ƙwaƙwalwata, sai ɗan guntun da wuƙa ba ta kai gare shi ba. Likita ya ce da haske za a ƙone shi. Kuma bakinsa bai iya shiru ba, a gaban Mama ya ce hasken da aka yi mini a kai ina 'yar shekara shida, lokacin sankarar jini, shi ya haifar da ƙarin.

Tun ranar ban huta ba. Wai ita ta riƙe ni aka ƙona ni. Da safe ta nemi gafarata, da rana ta nema, ina tsakiyar brush ma ta tsaya a ƙofar banɗaki tana nema. Wallahi na gaji da yafewa! Yanzu ta rantse ba zan koma ɗakin hasken nan ba. Ta ɓoye mini takalma, kamar da takalmi ake haska mutum. Direban da zai kai ni ta sallame shi, wai na fasa.

Ki kira ta don Allah. Ni ma tsoro nake ji, amma babu wanda ya bar mini fili in ji shi.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafarki ta daina kumburi. Kiranki bai yi komai ba, sai da na yi wa Mama tsawa, Allah ya yafe mini. Na ce wancan hasken ne ya bar mata ni har na haifa mata jikoki biyu, kuma ko da silifas ɗin banɗaki zan tafi.

Da su na tafi kuwa. Ta biyo ni tana mita har cikin ɗakin hasken. Da aka zo ɗaure mini kai a gadon, ta tare ma'aikacin, na ce shi ke nan, za ta tara mana jama'a. Ashe tambaya ce da ita: wancan karon sun ba ta shekara ashirin da bakwai, wannan karon nawa za su ba ta?

Ita ta cire mini ɗankwali da hannunta.

Ki gaishe mini da kowa, ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Auta